Likita Mai Aiki da Hoto a Asibitin 'Yan Mazan Jiya

Idan aka ce maka za a yi wa mutum tiyata, abin da zai fara faɗo maka a rai shi ne wuƙa da ɗinki da doguwar kwanciya a gadon asibiti. Haka abin yake tun da, kuma har yau akwai cututtuka da dama waɗanda ba makawa sai an yanka. Amma akwai wani rukuni na likitoci da ke gyara abin da ya lalace a can cikin jiki ba tare da sun buɗe shi ba. Ƙofar da suke bi su shiga yawanci ba ta wuce faɗin milimita biyu ko uku ba, kuma yayin da hannunsu ke aiki a jikin majinyaci, idonsu yana kan wani allo da ke nuna musu cikin jikin nasa. A wannan darasi za mu kira irin wannan ƙwararre "likita mai aiki da hoto", kuma za mu duba aikinsa a wani wuri na musamman, wato asibitocin tsofaffin sojoji na ƙasar Amurka.

Ka lura da kalmar "hoto". A asibiti, idan Bahaushe ya ce "an tura ni hoto", ba yana nufin hoton fuska ba ne. Yana nufin an tura shi ɗakin da ake haska cikin jiki da na'ura, ko ta eksire, ko ta sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu, ko babbar na'urar siti-sikan. Likitan hoto da aka fi sani yana duba abin da na'urar ta fitar, ya rubuta rahoto, ya aika wa likitan da ya turo majinyacin. Shi kuwa wanda muke magana a kansa ba ya tsayawa a nan. Idan hoto ya nuna masa inda jijiya ta toshe, shi ne zai bi ta ya buɗe ta.

Asalin sana'ar

A watan Nuwamba na shekarar 1895 wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ya gano hasken eksire, wanda ke ratsa nama ya nuna ƙashi. Daga nan likitoci suka sami ido na biyu, gani kuwa ya kori ji. Sai dai jijiyoyin jini ba sa fitowa a hoton eksire, sai an ɗura musu wani ruwan rini mai sinadarin aidin, kuma shigar da bututun ɗura wannan ruwa yakan bukaci a yanka fata a tono jijiyar.

Wanda ya sauƙaƙa wannan wahala shi ne Sven-Ivar Seldinger, wani likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin, a shekarar 1953. Dabararsa mai sauƙi ce ƙwarai, har mutum ya yi mamakin yadda ba a gano ta tun da wuri ba. Za a soka allura mai rami a cikin jijiya. A zura siririyar waya mai laushi ta cikin ramin allurar. A zare allurar, a bar wayar. Sannan a zura siririn bututun roba, wanda ake kira kateta, ya bi ta kan wayar kamar yadda ƙwayar carbi ke bin zare, har ya shiga jijiyar. A ƙarshe a zare wayar, bututun ya zauna. Fiye da shekara 70 ke nan, amma kusan duk aikin da za ka karanta a ƙasa da wannan dabara yake farawa.

Shekaru goma sha ɗaya bayan haka, ranar 16 ga Janairu, 1964, a birnin Portland na jihar Oregon a Amurka, aka kawo wa Likita Charles Dotter wata tsohuwa mai shekara 82. Jijiyar cinyarta ta hagu ta tsuke, jini ba ya isa ƙafa, yatsunta sun fara ruɓewa. Likitocin tiyata sun ce sai a yanke ƙafar, ita kuwa ta ce sam. Dotter ya zura waya ta ratsa wurin da ya tsuke, ya bi ta da bututu ƙarami, sannan da wanda ya fi shi kauri, har hanyar ta buɗe. Ciwon ya lafa, gyambon ya warke, kuma ta ƙara fiye da shekara biyu a duniya tana takawa da ƙafafunta biyu. Daga wannan rana ake ƙirga farkon sana'ar. Daga baya Andreas Gruntzig ya kyautata dabarar da 'yar balan-balan da ake hurawa a cikin jijiya, har ya yi amfani da ita a jijiyar zuciya a birnin Zurich a 1977.

Su wane ne majinyatan?

Hausawa na kiran tsofaffin sojoji "'yan mazan jiya", kuma ka san a Nijeriya ana tunawa da su kowace ranar 15 ga Janairu. Kowace ƙasa da yadda take kula da nata. Amurka ta ware musu ma'aikata guda sukutum. An kafa ta a matsayin hukuma a 1930, aka ɗaga ta zuwa cikakkiyar ma'aikata a 1989. A ƙarƙashinta akwai manyan asibitoci kimanin 170 da ƙananan dakunan shan magani fiye da 1,000, kuma tsofaffin sojoji fiye da miliyan 9 ne suka yi rajista da ita. Babu wani tsarin asibitoci a ƙasar da ya kai wannan girma.

Wataƙila kana zaton likita a irin wannan asibiti yana wuni ne yana ciro harsashi. Ba haka ba ne. Sojan da aka harba a fagen daga asibitin soja ake kai shi. Wanda ke zuwa asibitin 'yan mazan jiya ya riga ya tuɓe kaki, wani ma tun shekara hamsin da suka wuce. Yawancinsu maza ne da suka manyanta, ko da yake adadin mata yana ƙaruwa. Cututtukan da ke kawo su irin na tsufa ne: ciwon sukari, hawan jini, toshewar jijiyoyi, ciwon ƙoda, ciwon daji. Sai dai aikin soja ya bar musu tabo wanda ba kullum ido ke ganinsa ba.

Ɗauki misalin taba sigari. Har zuwa shekarar 1975 ana haɗa ta a cikin guzurin abincin da ake ba sojan Amurka a bakin daga. Matashi ɗan shekara 19 ya koyi shan ta a cikin rami, ya dawo gida bai iya bari ba, bayan shekara arba'in jijiyoyinsa suka biya bashin. Ɗauki kuma misalin yaƙin Biyetnam. Daga 1962 zuwa 1971 jiragen Amurka sun yi ta feshin magungunan kashe ganye a dazuzzukan ƙasar don hana abokan gaba wurin ɓuya. Mafi shahara a cikinsu shi ne Agent Orange, wanda ya sami sunansa daga ratsin launin lemo da ke jikin durom ɗinsa. Yana ɗauke da guba, kuma a yau gwamnatin Amurka tana lissafa ciwon sukari na manya da ciwon dajin huhu da wasu cututtukan zuciya cikin abubuwan da ake dangantawa da shi. Waɗanda suka je Iraƙi da Afganistan kuwa sun shaƙi hayaƙin manyan ramukan da ake ƙona sharar sansani a cikinsu, har aka yi doka a watan Agusta na 2022 don faɗaɗa kulawar da ake ba su. Saboda haka likita mai hankali a wannan asibiti ba ya tambayar "ina ke maka ciwo?" kawai. Yana ƙarawa da "a ina ka yi aiki, kuma a wace shekara?"

Irin wannan majinyaci, mai shekara 75, mai raunin zuciya da huhu, sau da yawa jikinsa ba zai ɗauki babbar tiyata da allurar barci mai nauyi ba. A nan ne ƙaramar ƙofar nan take da daraja.

Ceton ƙafa

Kusan ɗaya cikin kowane majinyaci huɗu na waɗannan asibitoci yana da ciwon sukari. Idan sukari da taba suka haɗu, kitse da ƙasa-ƙasa mai tauri sukan taru a bangon jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, kamar yadda laka ke cushe magudanar ruwa a lambu. Da farko mutum zai ji sha-raɓarsa tana ciwo idan ya yi tafiya, ta daina idan ya tsaya. Daga baya ciwon ya riƙa tashinsa daga barci. A ƙarshe ɗan rauni a yatsa ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, naman ya fara baƙi.

Ga yadda aikin yake gudana. Majinyaci zai kwanta a kan wani siririn tebur, a ƙarƙashin na'urar eksire mai siffar lauje wadda ke iya juyawa ta kewaye shi. Ba a cika sa shi barci gaba ɗaya ba. Ana ba shi maganin da zai kwantar masa da hankali, a kashe zafin fatar gindin cinya da allura. Likita zai nemo jijiyar da na'urar sikanin, ya shiga ta da dabarar Seldinger, ya ɗura ruwan rini. Nan take jijiyoyin ƙafar za su bayyana a allo kamar rassan bishiya a lokacin rani, kuma wurin da reshe ya yanke, nan cutar take.

Abin da ya fi wuya shi ne ratsa toshewar da waya. Kaurin wayar bai kai milimita ɗaya ba, tsawonta kuma yakan wuce mita biyu. Likita yana riƙe da wutsiyarta a waje, yana murza ta tsakanin yatsa biyu, kanta kuma yana can kusa da idon sawu yana juyawa. Wani lokaci ta wuce cikin minti biyar. Wani lokaci a shafe awa biyu ana fama, domin toshewar ta yi tauri kamar dutse, kuma idan aka matsa da ƙarfi wayar tana iya huda bangon jijiyar. Da zarar ta ratsa, sai a zura balan-balan ta bi ta kanta, a hura ta na ɗan lokaci, ta danne abin da ya taru zuwa gefe. Idan jijiyar ta nemi ta sake rufewa, a saka mata wata 'yar ragar ƙarfe mai siffar bututu ta tokare ta daga ciki. A sake ɗura rini. Idan ka ga ya gangara har tafin ƙafa, to aiki ya yi kyau. A zare kaya, a danne wurin hudar, majinyaci ya kwanta na 'yan awoyi, sau da yawa ma ya kwana a gidansa.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu. Dattijon da aka yanke wa ƙafa daga saman gwiwa ba kasafai yake sake tafiya da kansa ba. Gidansa yakan gagare shi zama, matarsa da ita ma ta tsufa ta koma mai jinya. Akwai ɗaci na musamman a ce mutum ya fita daga yaƙi da ƙafafunsa biyu, sannan ya rasa ɗaya a kan kujerar falonsa.

Amma ba duk jijiyar da ta tsuke ake buɗewa ba, kuma a ganina nan ne ake gane gwani. Mutumin da ciwonsa bai wuce na tafiya ba, babu gyambo, babu ciwon dare, abin da ya fi masa amfani da farko shi ne ya bar taba, ya sha magungunansa, ya riƙa atisayen tafiya a kai a kai. Idan aka yi gaggawar saka masa ragar ƙarfe, tana iya toshewa bayan wani lokaci, ya koma baya fiye da inda ya faro. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Likita a wannan asibiti albashi yake karɓa daga gwamnati, ba a kan kowane aiki ake biyansa ba, wannan kuwa yana sauƙaƙa masa faɗin "a'a" a inda ya dace.

Uwar jijiyoyi

Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta gangara ta cikin ciki ana kiranta ayota. Faɗinta a jikin lafiyayyen mutum kimanin santimita 2 ne. A jikin wasu dattawa, musamman maza masu tarihin shan taba, bangonta yakan yi rauni ya kumbura, kamar tsohon tub ɗin keke. Kumburin ba ya ciwo, ba ya ba da wata alama, har ranar da zai fashe, kuma mafi yawan waɗanda nasu ya fashe ba sa tsira. Shi ya sa ake shawartar duk namijin da ke tsakanin shekara 65 da 75, wanda ya taɓa shan taba, ya yi sikanin ciki sau ɗaya.

To, idan an ga kumburin, yaushe za a taɓa shi? Wani ɓangare na amsar wannan tambaya daga asibitocin 'yan mazan jiya ya fito. A wani bincike da aka wallafa a 2002, an bi diddigin tsofaffin sojoji fiye da 1,000 masu kumburin da bai kai santimita 5.5 ba. An yi wa rabinsu tiyata nan take, rabi kuma aka riƙa sa musu ido da hoto. Gaggawar tiyatar ba ta ƙara wa kowa tsawon rai ba. Har yau da wannan ma'auni likitoci a ƙasashe da dama suke aiki. Idan kumburi ya kai girman da za a gyara, ana iya shigar da wani bututun yadi mai ƙashin ƙarfe ta jijiyoyin cinya biyu, a buɗe shi a cikin ayota, jini ya riƙa bi ta cikinsa ya bar bangon da ya yi rauni ya huta. Likita Juan Parodi na ƙasar Ajantina ya yi wannan aiki a 1990, ya kuma yaɗu daga nan. A wasu asibitoci likitan tiyatar jijiyoyi da likita mai aiki da hoto tare suke yin sa.

Hanta

Ciwon hanta nau'in C ya yi yawa a tsakanin sojojin zamanin Biyetnam. Ƙwayar cutar takan zauna shiru shekara ashirin ko talatin tana cin hanta, har ta ƙanƙance ta yi tauri. Sababbin magunguna sun zo wajen 2014, kuma a 2019 ma'aikatar ta ba da sanarwar cewa ta warkar da tsofaffin sojoji fiye da 100,000. Sai dai kashe ƙwayar cuta ba ya goge tabon da ta riga ta yi, kuma a kan wannan tabo ciwon daji yake tsirowa. Don haka ake yi wa irin waɗannan mutane sikanin hanta duk bayan wata shida.

Hantar da ta yi tauri ba ta jure yanka. Idan ƙarin ƙarami ne, bai wuce santimita 3 ba, likita yana iya soka wata doguwar allura ta cikin fata, yana kallon hoto, har bakinta ya shiga tsakiyar ƙarin, sannan ya kunna na'ura ta ƙona shi da zafi. Idan ya fi haka, akwai wata dabara da ta dogara ga yadda aka halicci hanta. Ita hanta hanya biyu jini ke shigarta. Kimanin kashi uku cikin huɗu yana zuwa ne ta wata babbar jijiya daga hanji, sauran kuma ta jijiyar da ta taso daga ayota. Shi kuwa ciwon daji kusan duk abincinsa daga ta biyun yake samu. Saboda haka likita zai bi wannan jijiya da kateta mai sirantaka kamar zaren saƙa, har reshen da ke shayar da ƙarin, ya zuba wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da magani, waɗanda za su toshe reshen. Ƙarin ya rasa abinci, ya sha guba, lafiyayyar hanta kuma ta ci gaba da sha daga ɗaya hanyar. Ba kullum wannan ke warkarwa ba. Sau da yawa lokaci yake saya wa majinyaci, ko ya riƙe shi har a sami hantar da za a dasa masa. Wajibi ne likita ya faɗi wannan gaskiya ƙarara, kada mutum ya tashi daga tebur yana zaton ya rabu da cutar.

Ba shi kaɗai yake yanke shawara ba. Ana zama a kai a kai da likitan hanta da na ciwon daji da na tiyata, a haska hoton kowane majinyaci a bango, a yi muhawara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Waɗannan su ne manyan ayyuka, amma yawancin wuninsa ƙanana ne ke cika shi. Ya ɗebo ɗan nama daga huhu da allura don a auna. Ya tsotse ruwan da ya taru a ciki, ko mugunyar da ta taru a wani lungu. Ya saka wa mai ciwon daji bututun karɓar magani a ƙirji. Ya buɗe jijiyar hannun mai wankin ƙoda, wanda dole ne a haɗa shi da na'ura sau uku a mako, kuma idan jijiyar ta toshe rayuwarsa na cikin haɗari cikin 'yan kwanaki. Wasu daga cikin waɗannan ƙananan ayyuka likitocin hoto a asibitocin koyarwa na Nijeriya ma suna yin su. Sannan akwai kiran dare. Idan jini ya ɓalle a hanjin wani dattijo da ƙarfe biyu na dare, shi za a taso ya nemo jijiyar da ke zuba, ya cushe ta da 'yan ƙananan wayoyi masu lanƙwasa har jinin ya tsaya.

Nauyin da ke kansa

Kafin ya taɓa kowa, sai ya zauna da shi ya bayyana masa abin da za a yi, da amfaninsa, da haɗarinsa, da abin da zai faru idan ba a yi ba. A nan akwai wani tarko. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa "to, ranka ya daɗe" ga na gaba da shi yana iya sa hannu a takarda ba tare da ya fahimta ba, don kawai yana ganin likita kamar hafsa. Wani kuma ya saba ɓoye ciwo, ko yana jin jiki zai ce maka lafiya lau. Likita nagari yakan ce wa majinyaci ya maimaita masa bayanin da bakinsa, don ya tabbata yarda ce ta gaskiya, ba biyayya ba.

Akwai kuma raunin da ba ya fitowa a kowane hoto, wato firgicin bayan yaƙi. Ka tuna majinyacin a farke yake. An kwantar da shi rigingine, an lulluɓe shi da ƙyalle, an ce kada ya motsa, ga na'urori suna ƙara, ga mutane rufe da fuska sun kewaye shi. Ga wanda ya taɓa maƙalewa a cikin motar da ta taka nakiya, wannan ɗaki yana iya mayar da shi can cikin ƙiftawar ido. Idan ya zabura alhali waya tana cikin jijiyarsa, ana iya samun ɓarna. Don haka ma'aikatan sukan tambaya tun da wuri, su faɗa masa kafin su taɓa shi, su gargaɗe shi kafin wata ƙara, ma'aikaciyar jinya kuma ta tsaya kusa da kansa tana yi masa hira. Wanda aka ga ba zai iya ba, sai a sa shi barci gaba ɗaya.

Yaƙi yakan bar ƙarfe ma. Wasu tsofaffin sojoji suna yawo da ɓaraguzan bam a jikinsu shekara da shekaru. Na'urar hoto mai maganaɗisu, wadda aka fi sani da MRI, tana iya jan irin wannan ƙarfe ko ta ɗumama shi, abin da ke da haɗari idan yana kusa da ido ko wata babbar jijiya. Dole a bincika kafin a shigar da mutum cikinta. Haka nan ruwan rinin da ake ɗurawa yana iya wahalar da ƙodar da ta riga ta raunana, sai a auna jini tukuna, a rage yawan rinin, wani lokaci ma a yi amfani da iskar kabon a madadinsa a jijiyoyin ƙafa. Ga kuma maganin tsinka jini da dattawa da yawa ke sha. Idan aka bar shi, wurin huda yana iya ƙin daina zuba. Idan aka dakatar da shi, jini yana iya daskarewa a zuciya ko ƙwaƙwalwa. Likita ne zai auna wanne haɗari ya fi sauƙi ga wannan mutum na gabansa.

Shi kansa hasken eksire ba abin wasa ba ne. Majinyaci yana shan sa na rana ɗaya, likita da ma'aikatansa kuwa kullum, tsawon shekara talatin. Yawansa yana iya jawo yanar ido, yana kuma ƙara haɗarin ciwon daji. Shi ya sa suke sanya riga mai dalma a ciki, mai nauyin kilo biyar ko fiye, da abin kare maƙogwaro, da tabarau na musamman, da wani ɗan ma'auni a ƙirji mai ƙirga hasken da ya same su. Da ƙafa likita yake kunna na'urar, kuma ana koya masa ya ɗaga ƙafar duk lokacin da ba ya kallon allo. Nisa ma kariya ce: idan ka ninka tazararka da tushen hasken sau biyu, abin da zai same ka zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Rigar dalmar dai tana kare jiki, amma tana karɓar ladanta daga gadon baya, domin ciwon baya da na wuya sun zama ruwan dare a tsakanin masu wannan sana'a.

Hanyar kaiwa ga wannan matsayi doguwa ce. A Amurka, bayan sakandare, ɗalibi zai yi shekara 4 a jami'a, 4 a makarantar likitanci, sannan 6 na horon ƙwarewa, jimla 14. A 2012 aka amince da fannin a matsayin mai zaman kansa. Tun daga 1946 kuma asibitocin 'yan mazan jiya suke da alaƙa da makarantun likitanci, don haka gwanin da ke murza waya yawanci akwai ɗalibi a gefensa, kuma shi ke da alhakin sanin lokacin da zai miƙa masa wayar da lokacin da zai karɓe ta.

Aikin ba ya ƙarewa da cire safar hannu. Wanda aka saka wa bututu a ayota sai an riƙa ɗaukar hotonsa har ƙarshen rayuwarsa, don jini yana iya samun kafa ya koma cikin kumburin ba tare da ya ji komai ba. Wanda aka saka wa 'yar matata a babbar jijiyar ciki don tare daskararren jini, ya kamata a cire masa ita idan haɗarin ya wuce, domin idan ta daɗe tana iya karyewa ko ta kama bangon jijiyar. Matsalar ita ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffin sojojin Amurka a karkara suke zaune, wasu tafiyar awa uku ko huɗu daga babban asibiti, kuma dattijon da ya ji sauƙi ba ya ganin dalilin sake shan wannan hanya. Saboda haka sashen yakan ajiye jerin sunayen duk wanda aka bar wa wani abu a jiki. Wasu ana ganawa da su ta bidiyo, a tura su ɗaukar hoto a ƙaramin asibitin da ke kusa da su, likita ya duba hoton a kwamfutarsa. Wanda kuwa lokacinsa ya yi bai zo ba, ma'aikaciyar jinya za ta buga masa waya, idan bai ɗauka ba a aika masa da wasiƙa.